Kishiyoyi A Gida Ɗaya: Zaman Tsohon Bugu Da Sabon Bugu Na Manhajar Saba A Kan Kwamfuta Guda

Gabatarwa

Gyallesu tana daga cikin unguwannin Zariya waɗanda karatun boko ya raya. Tana maƙwabtaka da Tudun Wada da kuma harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake koyar da shari'a da sha'anin mulki, kuma a nan ne Babbar Kwalejin Horon Malamai da aka kafa a 1962 ta yi mazauni, wadda daga baya aka mayar da ita Kwalejin Ilmi ta Tarayya. Duk inda ɗalibai suka taru haka, to, sana'ar takarda ba ta rasa kasuwa. A da, masu tafireta ne suke buga wa ɗalibai kundin kammala karatu. Da kwamfuta ta zo sai shagunan suka rikiɗe, musamman bayan da Hukumar JAMB ta soma jarrabawa a kan kwamfuta a 1913 da ɗari, watau 2013, ta kuma mayar da ita gaba ɗaya haka a 2015. Daga cikin samarin da suka koyi aiki a irin waɗannan shaguna, akwai waɗanda suka wuce matsayin cike wa mutane fom, suka shiga gina shafuffukan intanet da manhajojin lissafin sakamakon jarrabawa domin makarantun Islamiyya da na kuɗi, da ƙungiyoyi, da shagunan magani.

Galibin masu wannan sana'a kwamfuta ɗaya gare su, ko kuwa ɗan gurbi ɗaya da suke haya a wata na'ura a Turai ko Amurka, wanda ake biya da dala. A kan wannan na'ura guda ake son aikin da aka gina shekara goma da suka wuce ya ci gaba da tafiya, a kuma ɗora wanda aka gina bana. Tsohon aikin ba ya tashi sai da tsohuwar manhaja, sabon kuwa ba ya karɓar komai sai sabuwa. Wannan maƙala za ta bayyana abin da ke haddasa wannan saɓani, da hanyoyin da ake bi a zaunar da bugu biyu ko fiye wuri ɗaya. Za ta kuma nuna cewa lamarin ya shafi ɗalibin Hausa fiye da yadda yake zato, domin baƙaƙen nan masu lanƙwasa suna cikin abubuwan da suka fi saurin salwanta a lokacin ƙaura daga bugu zuwa bugu.

Ma'anar saba da asalinta

Masu sana'ar sun ari kalmar saba daga Ingilishi, kuma ba ta da dangantaka da sabo irin na Hausa. Ana amfani da ita ta fuska biyu, wani lokaci a nufi na'urar kanta, wani lokaci a nufi manhajar da ke cikinta. A nan manhajar ake nufi. Aikinta shi ne ta zauna tana sauraro dare da rana. Idan burauzar wani ta aiko da buƙatar shafi, sai ta nemo shi ta miƙa. Kalmar bugu kuwa an ɗauko ta ne daga maɗaba'a. Yadda littafi kan fito a bugu na farko, a yi masa gyara ya sake fitowa a bugu na biyu, haka manhaja take fitowa da lamba a gabanta. Bambancin kawai shi ne, mai karatu yana iya jera bugu biyu na littafi a kanta ɗaya ba tare da sun yi faɗa ba.

Saba ta farko Tim Berners-Lee ne ya rubuta ta a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba a 1990. A 1993 wata cibiya ta Jami'ar Ilinoyi a Amurka ta fito da tata, kuma daga gyare-gyaren da wasu masu sa kai suka riƙa yi wa wannan ne aka haifi Apache a 1995. Bugu na 1.3 ya fito a 1998, na 2.0 a 2002, na 2.2 a ƙarshen 2005, sa'an nan na 2.4 a watan Fabrairu na 2012. Wani Barashe mai suna Igor Sysoev ya fito da nginx a 2004, wadda ta shahara da ƙarancin cin ƙwaƙwalwar na'ura. Ita saba ba ta cika yin aiki ita kaɗai ba. Tana tafiya da wani harshen sarrafa shafi, mafi yawa PHP wanda Rasmus Lerdorf ya soma a 1995, da kuma rumbun bayanai irin su MySQL. Kowane daga cikin ukun nan da nasa jerin bugu, kuma kowane da ranar da masu shi kan ce sun daina kula da tsohon.

Abin da ya hana a sallami uwargida

Mai tambaya zai ce, tun da sabo ya fito, don me ba za a share tsohon a huta ba? Amsar ita ce sabon bugu yakan zo da sauyin da ke karya abin da aka gina a kan tsohon. Misali biyu sun isa. A Apache 2.2, idan ana so a faɗi wanda aka yarda ya shiga wani sashe na shafi da wanda aka hana, da kalmomin Order da Allow da Deny ake rubuta umarnin. A bugu na 2.4 an maye gurbinsu da kalma ɗaya, watau Require. Fayil ɗin umarnin da aka rubuta a tsohon salo, in aka kai shi sabon bugu ba tare da an kunna wani abin ƙari da ke fassara shi ba, sai sabar ta ƙi tashi, ko ta riƙa mayar wa kowa da saƙon kuskure. Wanda ya gauraya salon biyu kuma ya fi shiga uku, domin yana iya buɗe abin da yake tsammanin ya kulle.

Misali na biyu ya fi wannan ciwo. Dubban manhajojin da ɗalibai da ƙananan maƙera shafi suka rubuta kafin 2015 suna magana da rumbun bayanai ne ta wasu tsofaffin umarnai da sunansu ya fara da mysql. Da PHP 7 ya fito a watan Disamba na 2015 sai aka cire waɗannan umarnai ɗungurungum. A ɗauka cewa wata makaranta tana da manhajar lissafin sakamako da wani ɗalibi ya gina mata a 2012 a matsayin aikinsa na ƙarshe. Ya gama, ya tafi bautar ƙasa, ya sami aiki a wani gari, lambar wayarsa ma ta canja. Manhajar tana aiki lafiya lau a kan PHP 5, tana riƙe da makin yara na shekara da shekaru. Ranar da aka ɗora ta a kan PHP 7 ko 8, farin shafi kawai za a gani. Sake rubuta ta na bukatar kuɗi da lokaci, makarantar kuwa ƙarshen zango ya matso, iyaye suna jiran katin sakamako. A ɗaya gefen kuma sababbin bugu na manhajoji irin su Moodle da WordPress da OJS, wadda mujallun jami'o'i da dama suke amfani da ita, sun daina karɓar PHP 5. Mai na'ura ɗaya ba shi da zaɓi illa ya riƙe su duka.

Akwai kuma dalili na hankali, ko da babu tilas. Mai hikima ba ya sauya manhajar da jama'a suke dogara da ita sai ya fara gwada sabuwar a gefe, ya kwatanta abin da kowace take fitarwa. Wannan gwaji kansa yana nufin bugu biyu su rayu tare na ɗan lokaci.

Inda rigima take tashi

Babban abin da ake faɗa a kansa shi ne ƙofa. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshi na lamba, kuma a kan adireshin akwai ƙofofi masu lamba daga 0 zuwa 65535. Birnin Zazzau ma ɗaya ne, amma wanda ya fito daga Tudun Wada ta Ƙofar Doka zai shiga, wani ta Ƙofar Gayan, wani ta Kuyambana. An yi ittifaƙi cewa shafi na yau da kullum ta ƙofa ta 80 ake neman sa, shafi mai kariyar sirri kuwa ta ƙofa ta 443. Burauza ba ta tambaya, can take nufa kai tsaye. Ƙa'idar kuwa ita ce, a kan adireshi ɗaya, saba ɗaya ce kawai za ta tsaya a ƙofa ɗaya. Wadda ta riga tashi ita ke kama ƙofar. Ta biyu in ta zo sai a ce mata wurin da mai shi, ta mutu nan take. Ɗalibai da yawa masu amfani da XAMPP a kan Windows sun sha ganin Apache ta ƙi tashi, alhali dalilin bai wuce cewa sabar IIS ta Microsoft, ko tsohon Skype a zamaninsa, ta riga ta tsaya a ƙofa ta 80 ba.

Sauran rigingimun na kayan ɗaki ne. Kowace saba tana da fayil ɗin umarni da take karantawa idan ta tashi, da kundin da take rubuta shige da ficen baƙi, da wani ɗan fayil da take ajiye lambar aikinta domin a san wadda za a tsayar idan an ba da umarnin tsayawa. In bugu biyu suka haɗa wannan ɗan fayil, sai a ce wa amarya ta tsaya, uwargida ta faɗi. Haka nan kayan ƙari da aka harhaɗa domin 2.2 ba sa shiga 2.4, domin sabar tana duba wata lamba a jikinsu, in ba ta dace ba ta ƙi su. Bugu da ƙari, manhajar da ke girka kaya a Ubuntu ko Debian bugu ɗaya na Apache ta sani. Duk wanda ya ce ta girka sabo, to, ya ce ta kwashe tsohon ke nan.

Raba ɗaki da raba ƙofa

Hanya mafi tsufa ita ce a sauko da asalin rubutun manhajar a harhaɗa shi da hannu, a gaya masa tun farko foldar da zai zauna. Bugu na 2.2 ya sami tasa folda, na 2.4 ya sami tasa, kowane da fayil ɗin umarninsa da kundinsa da kayan ƙarinsa, babu abin da ya haɗa su. Sa'an nan a cikin umarnin kowane a gyara layin nan mai suna Listen, a bar wa ɗaya ƙofa ta 80, a ba ɗaya ta 8080. An fi zaɓen manyan lambobi ne domin a tsarin Unix ƙofofin da ke ƙasa da 1024 sai da izinin babban mai kula da na'ura ake kama su. Wannan hanya ba ta cin ƙwaƙwalwa, kuma ta dace da tsohuwar kwamfutar da ake tayarwa da ƙaramin janareto. Aibinta biyu ne. Na farko, tsohon rubutu ba kullum yake yarda ya harhaɗu a kan sabuwar uwar manhaja ba, Apache 2.2 da PHP 5.6, alal misali, ba sa jituwa da bugun OpenSSL na 1.1 da ya fito a 2016 sai an yi musu faci. Na biyu, dole mai ziyara ya riƙa ƙara lambar ƙofa a ƙarshen adireshi, kuma malamin da ke sauri ya shigar da maki ba zai tuna da wannan ba.

Akwai wani tarko a nan da ba a cika lura da shi ba. Idan mutum ya shiga shafi da kalmar sirri, sabar takan ba burauzarsa ɗan guntun shaida da ake kira kuki. Burauza tana rarrabe waɗannan shaidu ne da sunan shafi, ba ta duba lambar ƙofa. Saboda haka manhajoji biyu da ke ƙarƙashin suna ɗaya, ɗaya a 80 ɗaya a 8080, in shaidunsu sun yi suna ɗaya, kamar yadda PHP kan sa musu idan ba a canja ba, sai shiga wannan ya fitar da mutum daga waccan. Akan ɗora laifin a kan rashin kyawun layi, alhali layi bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da adireshi yana da araha, da sai a ba na'urar adireshi biyu, kowace saba ta kama ƙofa ta 80 a kan nata. Amma adireshin tsohon tsari bai wuce biliyan 4.3 ba a duniya duka, kuma babbar hukumar da ke rabon su ta ba da na ƙarshe a hannunta a watan Fabrairu na 2011. Kamfanonin haya suna karɓar kuɗi a kan kowane ƙarin adireshi. A cikin shago ko makaranta dai, inda na'urorin suke magana a junansu kawai, wannan dabara tana nan kyauta.

Zaure

Hanyar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ita ce wadda ta yi kama da tsarin gidan Bahaushe. Baƙo ba ya faɗawa tsakar gida, a zaure yake sallama, ya faɗi wanda yake nema, a shiga a isar da saƙo, a fito masa da amsa. Sai a sa sabuwar saba, ko nginx ko Apache 2.4, ta tsaya ita kaɗai a ƙofofin 80 da 443. Sauran a mayar da su ciki, a ɗaure su a adireshin 127.0.0.1, wanda ma'anarsa ita ce na'urar tana magana da kanta, babu mai isa gare shi daga waje. Abin da ya sa wannan ya yiwu shi ne, tun daga ƙa'idar HTTP ta 1.1 da aka wallafa a 1997, wajibi ne burauza ta faɗi sunan shafin da take nema a cikin buƙatarta. Ta zaure sai ta duba sunan: in shafin makaranta ne ta miƙa wa tsohuwa a 8080, in na mujalla ne ta miƙa wa wata a 8081. Mai ziyara bai san ma akwai ɗakuna a ciki ba.

Ribar da ke cikin wannan ta wuce gyaran adireshi. Tun watan Yuli na 2018 burauzar Chrome take yi wa shafin da ba shi da kariyar sirri tambarin rashin aminci, kuma a 2020 manyan burauzoji suka daina karɓar tsofaffin ƙa'idojin kariya na TLS 1.0 da 1.1. Tsohuwar saba da aka harhaɗa da tsofaffin kaya ba lalle ta iya sabon salon ba. Idan tana bayan zaure, ta gaba ce ke ɗaukar wannan nauyi, ita ke riƙe da takardar shaidar da ake samu kyauta daga Let's Encrypt tun 2015.

Sai dai zauren ma da nasa haɗari. Tun da kowane saƙo ta hannun ta gaba yake isowa, ta ciki tana ganin kowa daga 127.0.0.1 ya fito. Kundinta sai ya cika da adireshi ɗaya, a kasa sanin wanda ya yi ɓarna. Abin da ya fi muni, tsofaffin manhajoji da yawa suna da ƙa'idar da ta ce sashen shugaba ba ya buɗuwa sai ga wanda ke zaune a gaban na'urar. Da zarar an sa zaure, duniya duka ta zama ɗan gida a idon wannan ƙa'ida. Maganin shi ne ta gaba ta riƙa liƙa ainihin adireshin baƙo a jikin saƙon, a kuma koya wa ta ciki ta karanta shi, sa'an nan a toshe sashen shugaba tun daga zaure.

Sau da yawa ma, in an bincika, ba Apache biyu ake bukata ba, PHP biyu ne. A da PHP a cikin jikin Apache ake cusa shi, shi ya sa canja ɗaya ke jawo canja ɗaya. Tun 2010 aka shigar da wani tsari mai suna FPM cikin PHP, wanda ya ba shi damar zama a gefe a matsayin ma'aikaci mai cin gashin kansa. Da wannan, saba ɗaya sabuwa tana iya aika shafin makaranta wurin PHP 5.6, ta aika na mujalla wurin PHP 8. Wanda ya gane haka ya rage wa kansa rabin wahala.

Akwai kuma masu raba gidan da katanga. Dabarar sa kwamfuta ta kwaikwayi kwamfutoci da dama a cikinta ba sabuwa ba ce, kamfanin IBM ya yi ta tun shekarun 1960, amma kowace kwamfutar kwaikwayo tana ɗauke da cikakkiyar uwar manhaja, tana kuma cin ƙwaƙwalwa daidai gwargwado. Kwantena, wadda Docker ya yaɗa daga 2013, ta fi sauƙi: kowane bugu a ƙunshe yake da duk kayan da yake bukata, yana tsammanin shi kaɗai ne a na'urar, har ya kama ƙofa ta 80 tasa ta ciki. Ita ce ta warware matsalar tsohon rubutu da ya ƙi harhaɗuwa. Kuɗinta shi ne datar saukar da ita da kuma lokacin koyonta, kuma duk da haka sai an sa zaure a gaba.

Makomar baƙaƙe masu lanƙwasa

A nan ne maganar ta iso sashen Hausa. Tun shekarun 1930, lokacin da Hukumar Talifi ta Zariya take tsara rubutun boko, aka karɓi ɓ da ɗ da ƙ, kuma babu mai musun cewa baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban. Amma tsohon jadawalin baƙaƙe da kwamfutocin Yammacin Turai suka daɗe suna amfani da shi, wanda ake kira Latin-1, ba shi da gurbin ko ɗaya daga cikinsu. Marubuta sun yi dabara da fon na musamman, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, inda ake aron gurbin wata alama a zana mata lanƙwasa. Shi ya sa har yau akan ci karo da }asa ko wa]anda, ko kuma qasa da xaya, a kundayen da aka ɗora a intanet ba tare da fon ɗinsu ba. Tsarin Unicode na 1991 da salon ajiyarsa na UTF-8 na 1992 su suka ba kowane baƙi lambarsa ta dindindin. A wannan salo, ƙ guntu biyu ne na bayani, ba ɗaya ba.

To, abin da ya faru da manhajoji da yawa shi ne wannan. Rumbun MySQL, kafin bugu na 8.0 da ya fito a 2018, a kan Latin-1 yake zuwa idan ba a canja ba. Mai shigar da rubutu yana buga ƙ a burauza, burauza ta aika guntu biyu, rumbu ya karɓa yana zaton baƙaƙe biyu ne na Turawa, ya ajiye. Idan an zo karantawa, ya mayar da guntayen yadda suka shiga, burauza ta haɗa su, ƙ ta fito daidai. Kuskure biyu ne suka rufa wa juna asiri, kuma ana iya shekara goma a haka ba wanda ya sani. Ranar da aka haɗa wannan rumbu da sabon bugu mai magana da UTF-8 tsantsa, sai rumbun ya fassara kowane guntu shi kaɗai da gaskiyarsa. Nan take ƙasa ta koma Æ™asa, ɗaki ya koma É—aki. Sunan yaro Ɗanladi ko unguwar Ƙofar Doka su fito a katin sakamako kamar rubutun aljanu.

Wannan lalacewa, duk da muninta a ido, tana gyaruwa, domin guntayen suna nan, fassararsu ce ta karkace. Wadda ba ta gyaruwa ita ce ta wanda ya ga haka ya firgita, ya tura rubutu mai ainihin ƙ cikin rumbun Latin-1 ta hanyar da ta san bambancin. A nan rumbu ba shi da inda zai sa ta, sai ya rubuta alamar tambaya a madadinta. ?asa ba ta sake komawa ƙasa sai mutum ya zauna ya bi kalma-kalma, kuma a jerin kalmomin ƙamus ko sunayen mutane, inda babu jimlar da za ta yi jagora, ko ƙwararre ba zai iya rantsuwa ko ?ari ɓari ne ko ƙari ko ɗari ba.

Masu nazarin harshe suna da tasu ƙarin damuwa. Wasulan da ake sa wa alamar karin sauti, kamar à da â, suna cikin Latin-1, don haka tsofaffin bayanai da dama guntu ɗaya suka ajiye su. Daga PHP 5.4 na 2012, umarnin da ake tace rubutu da shi kafin a nuna shi a shafi ya koma ɗaukar komai a matsayin UTF-8, kuma idan ya ci karo da guntun da bai dace da wannan salo ba, ba ya gyarawa, ba ya kuka, sai ya mayar da layin fanko. An sassauta wannan hali a bugu na 8.1, amma tsakanin nan, misalin da aka sa wa karin sauti da kulawa shi ne yake ɓacewa daga shafi, wanda aka rubuta da sakaci ya tsira.

Babbar fa'idar zaunar da bugu biyu tare ita ce a kama irin wannan tun kafin ta yi nisa. Sharaɗi shi ne kowane bugu a ba shi kwafin rumbunsa, kada su ci a kwano ɗaya, domin manhaja irin Moodle in ta ɗaga tsarin rumbu zuwa sabon salo ba ta da hanyar komawa baya. Sai a buɗe shafi guda a tsohon da sabon, a jera su a allo, a nemo kalmomin da suka ƙunshi ɓ da ɗ da ƙ manya da ƙanana, da 'y, da wasula masu alama, a gwada nema da jerantawa bisa abacada. Wannan aiki ba na injiniya kaɗai ba ne. Wanda bai ƙware a ƙa'idojin rubutun Hausa ba yana iya duban shafin da lanƙwasarsa ta zube ya ce lafiya ƙalau, tun da Hausar waya ta riga ta saba masa da rashinta.

Tsawon zaman tsohuwa

Masu Apache sun fitar da gyara na ƙarshe ga jerin 2.2 a 2017, PHP 5.6 kuma an daina kula da shi a ƙarshen 2018. Duk ɓarakar da aka gano a cikinsu bayan nan tana nan a buɗe, kuma masu kutse suna da manhajojin da ke zagaya adireshin duniya suna ƙwanƙwasa ƙofofi, har da 8080, ba ruwansu da ko na'urar ta banki ce ko ta makarantar allo. Idan tsohuwar da sabuwar suna aiki da sunan ma'aikaci ɗaya a cikin na'ura, wanda ya fasa ɗakin tsohuwa ya sami mabuɗin sauran ɗakunan. Saboda haka kowane bugu a ba shi sunansa da iyakar abin da zai iya taɓawa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan mutane a kan mai riƙe da su, kuma sunayen yara da makinsu da lambobin iyayensu suna ciki.

Sabo ma ba tsarkakakke ba ne. A watan Oktoba na 2021 an gano cewa Apache 2.4.49, wanda bai fi 'yan makonni da fitowa ba, yana da ɓarakar da ke ba na waje damar karanta fayilolin da ba na shafi ba a wasu tsare-tsare. Gyaran da aka yi a 2.4.50 bai toshe ta duka ba, sai da 2.4.51 ya biyo baya cikin 'yan kwanaki. Waɗanda suke kan bugun da ya gabaci 2.4.49 wannan ɓaraka ba ta shafe su ba, kuma wanda ya bar na baya a foldarsa, a kashe amma a shirye, layi ɗaya kawai ya gyara a zaure ya koma kansa har ƙura ta lafa.